Tudu da Kwari a Jikin Jirgin Ruwa: Abin da Samfefa Ta Koya Mana

Mu uku aka tura daga jami'armu zuwa wani ƙaramin wurin gyaran jiragen ruwa a bakin Kogin Neja, wajen Lakwaja, domin koyon aiki na wata shida. Da muka ji an ce jirgin ruwa, kowannenmu ya ɗauka inji za mu riƙa kwancewa muna ɗaurawa. Ranar farko maigidan wurin, wani dattijo da kowa ke kira Baba, ya dube mu sama da ƙasa, ya miƙa wa kowa takardar samfefa da takunkumin rufe hanci, sannan ya nuna wani jirgin faiba da aka kife a kan tsofaffin tayoyi.

"Ga aikinku nan, 'yan boko," in ji shi. "In kun iya wannan, sai mu yi maganar inji."

Ba za mu ɓoye muku ba, ranmu ya sosu. Shekara uku muna fama da lissafi da kimiyya, a ƙarshe a ce mu zo mu goge jirgi kamar masu wankin tukunya? Mun kwashe kusan mako uku a kan jirgin nan guda ɗaya, kuma a kansa ne muka fahimci wasu darussan kemistiri da muka haddace tun muna aji biyar na sakandare ba tare da mun san amfaninsu ba.

Jirgin ya yi karo ne da kututturen itace da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, ya huje a ƙasan goshinsa, ramin ya kai faɗin farantin cin abinci. Kafin mu zo, Baba da yaransa sun gama babban aikin. Sun kankare gefen ramin ya zama gangare, ba tsaye kamar bakin rijiya ba. Ƙa'idar da masu gyaran faiba ke bi ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin jirgin sau 12. Idan kaurin milimita 6 ne, gangaren zai kai milimita 72 ke nan a kowane gefe. Dalili shi ne a samu fili mai yawa da sabon facin zai kama. Bayan haka sun shimfiɗa ƙyallen zaren gilas hawa-hawa, suna jiƙa kowane hawa da ifoksi, har ramin ya cike. Wannan ƙyallen shi ne ƙashin gyaran, shi ke ɗaukar dukan igiyar ruwa. Abin da ya rage mana shi ne shafa kwaɓin ciko a sama, mu goge shi har wurin ya saje da sauran jikin jirgin.

Mene ne ifoksi?

Da yawa daga cikinku kun taɓa riƙe shi a hannu ba ku san sunansa ba. Gam ɗin nan Araldite mai bututu biyu, wanda ake matso kaɗan daga kowanne a gauraya da tsinken ashana a liƙe karyayyen kofi ko madubin babur, ifoksi ne. Bututu ɗaya ƙaron ne, ɗayan kuma sinadarin da ke daskarar da shi. Kowanne shi kaɗai zai daɗe a ajiye bai yi tauri ba. Da zarar sun haɗu, sai ƙwayoyinsu su fara sarƙewa da juna ta kowace fuska, kamar ragar masunta da aka ƙulla sama da ƙasa da gefe, har abin ya zama dunƙule guda. Shi ya sa ifoksi ba bushewa yake yi kamar fenti ko laka ba, babu ruwan da ke fita daga cikinsa. Sauya halitta yake yi. Kuma in ya daskare, zafi ba ya sake narkar da shi ya zama ruwa kamar yadda ake narkar da leda ko robar bokiti.

Wani Bajamushe mai suna Paul Schlack ya nemi rajistar irin wannan sinadari a 1934. Wani ɗan ƙasar Suwizalan kuma, Pierre Castan, ya ƙirƙiro nasa yana aiki a kamfanin kayan haƙoran roba, kuma daga aikinsa ne kamfanin Ciba ya fito da Araldite a 1946. A fagen jiragen ruwa, 'yan uwan juna da ake kira Gougeon, a garin Bay City na jihar Mishigan ta Amurka, suna cikin waɗanda suka yaɗa amfani da shi tun daga 1969, kuma kayansu mai suna West System har yau ana sayar da shi.

Abu biyu Baba ba ya wasa da su wajen haɗi. Na farko awo. Kowane kamfani yana rubuta nasa a jikin gwangwani: wani kashi 5 na ƙaro da kashi 1 na mai daskararwa, wani 2 da 1. Ɗaya daga cikinmu ya ce, tunda muna sauri, me zai hana mu ƙara mai daskararwar don ya yi saurin kamawa? Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ƙwayoyin ɓangarorin biyu suna haɗuwa ne ƙidaya da ƙidaya. In ɗaya ya yi yawa, ragowar ba ta da abokin sarƙewa, sai ta zauna a ciki, cikon ya fito da laushi har abada. Na biyu zafi. Haɗuwar sinadaran tana fitar da zafi, zafin kuma yana ƙara mata sauri. A ƙiyasin da malaman kemistiri ke koyarwa, ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin irin wannan haɗuwa sau biyu. Mun taɓa barin ragowar haɗi a cikin kofin roba mai zurfi da tsakar rana. Kafin mu waiwayo kofin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, yana hayaƙi, ya lanƙwashe. Tun daga ranar, da mun gauraya sai mu baza shi a kan faffaɗan allo don zafin ya fita.

Ifoksi zalla yana da ruwa-ruwa, zai gangare daga jikin jirgi. Don haka ake zuba masa gari ya yi kauri kamar markaɗen gyaɗa. Irin garin da aka zuba shi ke yanke hukuncin wahalar da mai guga zai sha. Akwai farin garin silika, mai hana gangarewa, amma in ya daskare sai ka ce dutse kake gogewa. Akwai kuma wani gari mara nauyi, wanda a zahiri ƙananan ƙwallaye ne masu iska a ciki, ido ba ya rarrabe su ɗaya-ɗaya. Shi ake so a saman aiki, domin samfefa na cin sa cikin sauƙi. In an rasa, lallausan garin katako da aka tankaɗe ma yana aiki, musamman a jirgin katako.

Kuskurenmu na farko

Mun shafa cikon da la'asar, muka tafi. Lokacin hunturu ne, dare ya yi sanyi, da asuba kuma raɓa ta sauka a bakin kogi. Washegari muka zo da zumuɗi tun kafin Baba ya iso, muka kama guga. Ba a yi minti biyu ba samfefar ta toshe, wani abu kamar cingam ya cike idanunta. Muka canza wata, ita ma haka. Mun lalata takarda shida kafin ya ƙaraso.

Bai yi faɗa ba. Ya danna farcen babban yatsansa a jikin cikon, farcen ya bar shaida. "Yarana, ai bai nuna ba," in ji shi. "Muddin farce na shiga, samfefa ba ta da aiki a nan." Sanyin dare ya rage saurin daskarewar. Sai da muka ƙara kwana guda.

Da ya yi tauri kuma, ya hana mu fara guga sai mun wanke wurin da ruwa da soso mun share da tsumma mai tsabta. Ya ce mu shafa yatsa mu ji. Akwai wani maiƙo-maiƙo kamar kakin kyandir a saman. Wannan yana fitowa ne idan sinadarin daskararwa ya haɗu da danshi da iskar kabon da ke cikin iska, kuma ya fi yawa a wuri mai sanyi da laima. In ba a wanke shi ba, yana toshe samfefa, guga kuma tana tura shi cikin ƙarzunan da aka yi, daga baya fenti ya ƙi kamawa. Abin mamaki, ruwa kawai ke wanke shi, ba ya buƙatar tina ko fetur.

Hannu maƙaryaci ne

Kuskure na biyu ya fi ciwo, domin sai da muka yi yini guda cur muna aikata shi. Kowa ya naɗe samfefa a tafin hannu yana ta murza. Da yamma wurin ya yi sumul, in ka shafa kamar kumatun jariri. Muka kira Baba muna jiran yabo.

Ya ɗauko wata doguwar sandar katako siririya mai lanƙwasuwa, ya kwantar da ita a kan facin, ya ce mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashinta ta wajen hasken rana. Haske na ratsowa a wuri uku. Wurin ya yi santsi, amma bai daidaita ba. Tudu da kwari ne ko'ina.

Nan muka gane santsi daban, daidaito daban. Tafin hannu yana da laushi, yana bin duk yadda ya tarar da wuri. In ya zo kan tudu ya hau, in ya zo kwari ya gangara, ya goge su duka daidai wa daida. Har ma ya fi cin inda ya fi laushi, wato cikon, ya bar tsohon jikin jirgin mai tauri, sai kwarin ya ƙara zurfi. Maganin shi ne dogon allo. Wani falange ne na katako, tsawonsa ya fi rabin mita, da mariƙi biyu a bayansa, an manna samfefa a cikinsa. Saboda tsawonsa, yana hawa kan tuddai ne kawai, yana tsallake kwaruruka kamar gada. Yana da ɗan sassauci yadda zai bi gantsarewar jikin jirgin, amma ba zai faɗa ƙaramin rami ba.

Ba a kuma tura shi gaba da baya a layi ɗaya. A karkace ake tura shi, daga hagu zuwa dama sau da yawa, sannan a juya daga dama zuwa hagu, layukan su gitta juna. In aka tsaya a layi guda, gefen allon zai haƙa kwalbati.

Dabarar da ta fi burge mu ba ta buƙatar ko kwabo. Baba ya ɗauki fensir ya zazzana duk saman facin kamar yaron da ya samu bango. Muka tura allon sau goma. Inda zanen ya goge, tudu ne. Inda ya rage, kwari ne. Sai a ƙara ciko a kwarin kaɗai, a jira ya daskare, a wanke, a sake zane, a sake guga. Sau uku muka zagaya wannan da'irar. Ɗayanmu ya so ya danne allon a kan wani kwari don zanen ya ɓace mu huta, Baba ya hango shi daga nesa. "Malam, fensir kake yaudara ko kogi?"

Akwai kuma iyakar da ba a ƙetarewa. In kana guga ka ga saƙar ƙyallen gilas ta fara bayyana fari-fari, ka tsaya nan take. Kowane zare da ka yanke ƙarfin facin ne ka rage.

Lambobin bayan samfefa

Ku juya kowace samfefa za ku ga lamba a bayanta. Ƙaramar lamba, manyan tsakuwa. Babbar lamba, ƙananan tsakuwa. Lamba 40 girman ƙwayarta ya kai kusan milimita 0.4, lamba 80 kusan 0.2, lamba 120 kusan 0.125, lamba 220 kuwa kusan 0.07, wato kamar kaurin silin gashi. Da 40 ko 60 muke rushe manyan tuddai, da 80 muke daidaitawa, sannan 120, sannan 220 in an zo dab da fenti. Aikin kowace lamba shi ne share ƙarzunan da wadda ta gabace ta ta bari. In ka yi tsalle daga 40 zuwa 220, za ka gaji ba ka share komai ba, kuma fenti mai ƙyalli zai tona asirin kowane ƙarzane.

Wani abu da ya ɗaure mana kai da farko shi ne, guga ba don santsi kaɗai ake yin ta ba. Wani lokaci don kaushi ake yi. Ifoksin da ya gama daskarewa yana ƙyalli kamar gilas, ƙwayoyinsa sun riga sun sarƙe, ba su da hannun da za su miƙa wa sabon shafi. Sabon ciko ko fenti sai dai ya kama ta hanyar shiga cikin ƙananan ƙarzuna ya maƙale, kamar yadda magini ke sassara bango kafin ya yi filasta. Don haka kafin kowane sabon shafi, sai an goge har ƙyallin ya dushe gaba ɗaya. Ko ɗigon wuri mai ƙyalli aka bari, daga nan ɓawo zai fara tashi.

Akwai injin guga na lantarki a wurin, amma Baba bai bar mu mun taɓa shi ba sai a mako na uku. Yana da sauri, kuma saurin ne matsalarsa. Ɗan faifansa ƙarami ne, yana haƙa kwari cikin daƙiƙa kaɗan. In kuma aka daɗe a wuri ɗaya, gogayya na ɗumama ifoksin, shi kuwa irin wanda ya daskare a zafin gari yana fara laushi daga wajen digiri 50, sai ya koma toshe takarda.

Ƙurar da ba ta da kirki

Wanda ya taɓa sussukar gero ya san ƙaiƙayi. Ƙurar faiba ta fi shi. Daren farko babu wanda ya yi barcin kirki a cikinmu saboda susa. Amma ƙurar ifoksin da bai gama daskarewa ba ta fi wannan haɗari, domin sinadaran cikinta suna nan da ransu. Tana iya jawo ƙuraje da kumburin fata da wahalar numfashi, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin ifoksi, yawanci ƙin ba ya barinsa. Akwai wani tsohon yaron Baba da ya koma tuƙin jirgi saboda haka, ko kusa da rumfar haɗi ba ya zuwa. Takunkumi, tabarau, safar hannu da riga mai dogon hannu dole ne, duk zafin Lakwaja. In ya taɓa fata, sabulu da ruwa ake sa wa. Wanke hannu da fetur ko tina, kamar yadda wasu makanikai ke yi, yana taimaka wa sinadarin ne ya ratsa fata. A matakin ƙarshe mukan yi amfani da samfefar ruwa, muna jiƙa wurin muna guga, ƙurar ta zama taɓo maimakon ta tashi.

Wata rana wani mai jirgi ya zo da gwangwanin cikon da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi. Ya ce ya fi araha, yana kamawa cikin minti ashirin, a yi masa da shi ya koma lodi gobe. Baba ya ƙi. Cikon mota an yi shi ne da wani ƙaro na daban da farar hoda mai shan ruwa. A ƙofar mota ba laifi. A ƙasan jirgin da ke kwana cikin kogi kuwa, zai sha ruwa ya kumbura ya ɓamɓare. Mutumin ya yi fushi ya ɗauki jirginsa ya kai wani wuri. A ra'ayinmu ba shi kaɗai ke da laifi ba: ifoksi daga waje ake shigo da shi, yana da tsada, kuma kowace ranar da jirgi ya yi a kife rana ce da iyalin mai shi ba su samu kuɗin cefane ba. Sai dai fasinjan da zai hau ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fenti.

Ba mu manta ba, a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya sa'o'in ƙannenmu. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a Kogin Neja a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Lodin da ya wuce ƙima, tafiyar dare da rashin rigar kariya su aka fi ambata a irin waɗannan haɗurra, kuma samfefa ba ta maganin ko ɗaya daga cikinsu. Amma bayan haɗurran, jami'an gwamnatin tarayya sun sha yin kira a maye gurbin tsofaffin jiragen katako da na faiba da na alminiyam. Jirgin katako in ya tsage, kafintan ƙauye zai cusa tsumma da kwalta ya buga gwangwani da ƙusa. Jirgin faiba ba ya karɓar ƙusa. In sun yawaita a Yawuri da Mokwa da sauran garuruwan bakin kogi, dole a samu waɗanda suka san awon haɗi, suka san zafi da danshi, suka iya karanta abin da ke rubuce a jikin gwangwani. Ɗalibin da ya mai da hankali a ajin kemistiri da zanen fasaha ya riga ya yi rabin tafiya.

Wanda ke son gwada hannunsa ba sai ya je bakin kogi ba. Ku nemi guntun katako mai loɓawa, ku zazzana shi da fensir, ku goge rabinsa da samfefa a tafin hannu, ɗaya rabin kuma da samfefar da aka naɗe a miƙaƙƙen katako. Sai ku ɗora rula a kai ku leƙa ta wajen haske. Ku yi a waje, ku rufe hanci.

Mu dai a rana ta goma sha takwas Baba ya sake kwantar da sandarsa a kan facin. Muka durƙusa muka leƙa, babu haske. Ya rufe ido ya shafa tafin hannunsa daga tsohon jiki zuwa sabo, ya dawo, ya sake komawa, yana neman gaɓar. Bai ce komai ba, sai ya aika a ɗauko fenti, domin hasken rana yana lalata ifoksin da aka bari tsirara. An yi shafin fari, aka goge da 220, aka yi shafi biyu a sama. Ranar Asabar maza takwas suka juya jirgin suka tura shi ruwa. Baba ya shiga ya zauna daidai kan facin, yana taɓa ƙasan lokaci-lokaci, aka zaga da shi har tsakiyar kogi aka dawo. Hannunsa a bushe ya fito.

Ranar Litinin muka zo da shirin kwance inji, har ɗayanmu ya sayo sabuwar sifana. Muka tarar an kife wani jirgin a kan tayoyin nan, ya fi na farko tsawo, da rami biyu a gefensa. A kan benci kuma ga dogayen alluna uku, an manna wa kowanne sabuwar samfefa lamba 60.